"Sai da ruwan ciki ake jan na rijiya": ta dace da mai son rage ƙiba?

Malamin Hausa: Jama'a, ana kawo wannan karin magana ga masu kashe kansu da yunwa don rage ƙiba, wai jiki ba ya ƙona kitse sai ya samu abinci. Asalinta dai maganar jari ce: sai kana da ɗan abu a hannu kake samo wani. An sa ta a muhallinta kuwa?

Masaniyar abinci: Ta zauna daram, Malam. Kashi 60 zuwa 70 cikin ɗari na kuzarin da mutum ke ƙonawa a rana yana ƙarewa ne ko da mutum yana kwance: numfashi, bugun zuciya, aikin hanta, ƙoda da ƙwaƙwalwa. Idan abinci ya yanke sosai, jiki sai ya rage wuta. A gwajin yunwa na Minnesota a Amurka, 1944 zuwa 1945, maza 36 sun yi wata shida suna cin kusan rabin abincinsu. Sun zubar da kusan kashi 25 na nauyinsu, kuzarin da jikinsu ke ƙonawa a kwance ya faɗi da kusan kashi 40, sanyi ya dame su, tsoka ta zube.

Mai horar da 'yan wasa: Hajiya, ina tsoron masu fakewa da ita su cika ciki. Mai jan guga kurɓa yake yi, ba ya shanye rijiyar. A rage kalori (ma'aunin kuzarin abinci) 300 zuwa 500 a rana, a ci furotin (sinadarin gina jiki) giram 1.2 zuwa 1.6 kan kowane kilo na nauyin jiki, a ɗaga nauyi sau biyu ko uku a mako. Ruwan cikin a nan tsoka ce: kilo ɗaya na tsoka yana ƙona kalori kusan 13 a rana a zaune, kitse kuwa bai kai 5 ba.

Malamin Hausa: Wasu kuma na cewa "barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe", wato ƙiba gado ce, ko kuma tsufa ne ke kawo ta.

Likita: Gado na da rabonsa, musamman a girman jiki da yawan tsoka. Amma shekaru ana ɗora musu laifin da ba nasu ba. Binciken da mujallar Science ta wallafa a 2021 kan mutane sama da 6,000 ya nuna ƙonawar ba ta sauyawa sosai daga shekara 20 zuwa 60, sai bayan nan take raguwa da ƙasa da kashi 1 a shekara. Abin da ke raguwa a shekara 40 motsi ne.

Ni wadda na fi so ita ce "ruwa ba ya tsami banza". Mai yawan jin sanyi, kasala, taurin bayan gida, bushewar fata da zubewar gashi, ya je a auna masa TSH da T4 a jini, sinadaran da ke nuna yadda tayirod ke aiki. Wataƙila tayirod ɗin, halittar da ke gaban wuya mai daidaita ƙona kuzari, shi ne ya rage aiki, sau da yawa saboda ƙarancin aidin, sinadarin da ake sa wa gishiri (babba na buƙatar maikrogiram 150 a rana) ko garkuwar jiki da ke far masa. Kada a sha maganinsa ba gwaji, yana hargitsa bugun zuciya.

Masaniyar abinci: Na yarda, Likita, amma ƙibar da tayirod ke kawowa yawanci kilo 2 zuwa 5 ce, galibi ruwa da gishiri. Wanda ya ƙaru da kilo 20 ya duba barcinsa ma: ƙasa da awa bakwai na tsokano yunwa.