DDT ne ya lalata ƙwan tsuntsaye, ko zuzutawa ce?

Mai Kiwon Kaji: Jama'a, wannan zance na cewa DDT, maganin kashe ƙwari, ya hana tsuntsayen Amurka ƙyanƙyasa bai kwanta mini ba. An ciyar da kaji shi a gwaji, ɓawon ƙwansu bai yi wani laushin a zo a gani ba. Ko kaza ba tsuntsu ba ce?

Likitan Dabbobi: Alhaji, maganar kaji gaskiya ce, suna da juriya. Amma da aka yi gwajin da agwagin daji da wani ƙaramin shaho, ɓawon ya yi laushi. A cikin jiki DDT kan rikiɗa ya zama wani sinadari mai suna DDE, shi kuma ya tare hanyar da kalsiyam ke bi zuwa ɓawo a mahaifar ƙwai. Sai uwa ta hau kwanci, ƙwan ya fashe a ƙarƙashinta. A 1967 wani masani mai suna Derek Ratcliffe ya auna tsofaffin ƙwan shaho da aka adana a Birtaniya, ya ga ɓawon ya fara raguwa ne wajen 1947, daidai lokacin da maganin ya bazu.

Malamar Kimiyya: A tsibirin Anacapa na Kalifoniya, a 1970, kwasakwasa sun yi sheƙa 552, ɗan tsako ɗaya tak ya tashi. Kamfanin Montrose, wanda ya riƙa haɗa maganin, ya shekara da shekaru yana zuba ragowar DDT a magudanar Los Angeles, tana kai shi teku. Kifi ya ci, kwasakwasa ta ci kifi, guba ta taru a kitse. Kazarka dawa take ci, Alhaji.

Mai Kiwon Kaji: To gaggafar Amurka fa? Ai tun kafin DDT ake harbinta, ana sare mata itatuwa.

Likitan Dabbobi: Haka ne, ba a musu. Sai dai a 1963 ma'aurata 417 suka rage a Amurka, ban da Alaska. Aka haramta DDT a 1972, zuwa 2007 an cire ta daga jerin masu fuskantar ƙarewa.

Mai Kiwon Kaji: An kuma tsaurara hana harbin, Likita. Kada a ba abu ɗaya ladan abu biyu.

Injiniyan Lantarki: Ku kuna ta ɓawo, ni abin da ke cikin ƙwan ya fi damuna. PCB, sinadarin da a da ake zubawa a man taransifoma, uwa kan juye shi cikin gwaiduwa, ɗan tsako ya sha shi tun yana haɗa ƙashi. A Manyan Tafkuna tsakanin Amurka da Kanada an riƙa samun 'ya'yan tsuntsaye masu cin kifi da baki a harɗe, na sama ya kauce wa na ƙasa, ba sa iya kama abinci. Wasu sun mutu cikin ƙwai, jiki a kumbure.

Malamar Kimiyya: Wasu manyan kuma da maƙoƙo. Homon ɗin tayirod, sinadarin da wani ƙulli a wuya ke fitarwa, shi ne ke tafiyar da girma da fitar gashi da ɗumin jiki, PCB kuwa kan dagula shi. A 1981 masana biyu, Fry da Toone, sun sa DDT a ƙwan tsuntsayen teku, gaɓoɓin haihuwar 'yan tsaki maza suka ɗauko siffar na mata.

Ɗalibi: Malama, shi ya sa kenan aka ga mata biyu na kwanci a sheƙa ɗaya a tsibirin Santa Barbara na Kalifoniya?

Malamar Kimiyya: Yi a hankali, ɗana. An ga hakan, amma abin da ya tabbata shi ne maza sun yi ƙaranci a wurin. Ko DDT ne ya rage su, har yanzu masana na ja.

Mai Kiwon Kaji: Ashe dai ana ja! Ni kuma sauro nake tunani.

Injiniyan Lantarki: Yarjejeniyar Stockholm ta 2001, wadda ƙasashen duniya suka ƙulla kan sinadarai masu guba, ba ta hana fesa DDT a ɗaki don zazzaɓin cizon sauro ba, Alhaji, gona ta hana. Ita ce kuma ta sa 2025 a matsayin wa'adin daina amfani da na'urori masu PCB. Tsohuwar taransifomar da ke yoyo a bakin kwata, kaji na tsattsaga a gindinta, ita za ka fara dubawa.

Mai Kiwon Kaji: Ta taransifoma na karɓa. Ta gaggafa da sauran magana.