Abin da na tattara kan buga zane a yadi kafin a haɗa ƙyallaye

Na tambayi ƴan uwa masu ɗinki a unguwannin Aboabo da Asawase na Kumasi yadda zan buga zanena da kaina a kan yadi kafin in yayyanka in haɗa bargon ado, to ga abin da na samu.

Kusan kowa da wanki ya fara, wai a wanke yadin sitati ya fita, kuma ya zama auduga zalla don roba bata shan rini. Wata Hajiya tace in je Ntonso, wani gari kusa da Kumasi, in ga masu adinkra, wato yadin Asante da ake buga wa zane da hatimi, da ƙwarya suke sassaƙa hatimin, tawadan kuma ɓawon itacen badie ake dafawa har yayi kauri yayi baƙi, kyau kam ba magana amma baya jure wanki, sai dai abin da za'a rataye a bango. Ni wannan ya kwanta min sosai.

Masu batik, wato rinin da ake yi da kaki, sunce in yanka soson katifa, in tsoma a narkakken kakin kyandir in danna, in rina, sannan ruwan zafi ya cire kakin. Sun ja kunnena kan sodar da ake zubawa a rinin, tana cin hannu, dole safar roba kuma a waje ake yi inda iska ke kaɗawa.

Fentin yadi ma akwai, in ya bushe a goge ta baya. Amma in yayi kauri allura na wahala, shiyasa zan fara gwadawa da guntayen da na siyo a kasuwar Kejetia ranar Asabar.