Wai tsirran hamada ba sa buƙatar ruwa?

Sani: Jama'a ni dai na tsaya a kan cewa tsirran hamada ba ruwansu da ruwa, haka Allah ya halicce su. Ku duba dabino, cikin yashi yake rana na gasa shi amma yana ta 'ya'ya.

Hauwa: Haba Malam Sani, duk cikinsu ka rasa wanda za ka kawo sai dabino? Ai shi mashayin ruwa ne sosai, shi ya sa a hamada sai a dausayi ake ganinsa, inda ruwan ƙasa yake kusa ko ake masa ban-ruwa. Kansa ne kawai a rana, saiwarsa tana cikin danshi.

Sani: To kaktus fa Hajiya, tsiron nan mai kaurin jiki da ƙayoyi? Sai ya yi watanni ko ɗigo bai samu ba.

Ibrahim: Shi ma sha yake, tattali ne kawai ya iya. Saiwoyinsa ba sa nitsa, bazuwa suke kusa da saman ƙasa, da an ɗan yi yayyafi ya zuƙe ya ɓoye cikin jikinsa mai kauri, kuma ƙayoyin nan asalinsu ganye ne da suka ƙanƙance don ta ganye ruwa yake gudu. Abin da ya fi burge ni ma, ƙananan ramukan da yake shaƙar iska da su da dare yake buɗe su lokacin sanyi, da rana ya rufe ruf. Kuma fa asalinsa nahiyar Amurka ne ba Sahara ba, ko da yake mutane da yawa haɗa su suke.

Sani: Na ji, amma a hamadar Atakama ta Chile akwai tsiron da ko ruwan sama ba ya jira, daga iska yake rayuwa, wannan fa?

Hauwa: Hazon da ke tasowa daga teku yake kamawa da ganyensa. Hazo ba ruwa ba ne?

Ibrahim: Wasu kuma zurfi suke bi, a hamadar Kalahari ta kudancin Afirka an samu bishiyar da saiwarta ta kai mita 68. Ƙananan ciyayi kuwa ba sa ma ja da fari, irinsu kwanciya yake cikin ƙasa shekaru, da ruwa ya sauka su tsiro su yi fure su zubar da iri cikin 'yan makonni su bushe.

Sani: Ato ai kun ga irin nan shekaru yake ba ruwa.

Hauwa: Iri ne Malam, barci yake, bai tsiro ba tukun.