Wace kalma za mu ba «old vine» da Hausa?

1/ Jama'a, masu fassarar labaran noma da kasuwanci, ku matso kusa. Akwai kalmar da ake bugawa a kwalaben jar giyar inabi ta Ostareliya da Afirka ta Kudu da Kalifoniya: «old vine». Faransawa na cewa «vieilles vignes». Ba sha nake kiran kowa ba, hukuncin giya a wurin Musulmi sananne ne. Amma labarin gonakin nan yana zuwa teburinmu, kuma mai karatu na da haƙƙin a gaya masa daidai.

2/ Abin da ya fi saurin zuwa baki shi ne «tsohuwar giyar inabi». Wannan ya kauce. Giyar tana iya zama ta bara waccan, itacen ne ya tsufa. «Giyar tsohon inabi» ma ba ta fita ba, don Bahaushe zai ɗauka 'ya'yan ne suka kwana biyu har suka zama zabibi.

3/ Muna da kalma tun tuni: kuringa, wasu su ce kuranga. Ita ce shukar da ke yaɗo tana ba da inabi. Don haka shawarata: giyar tsohuwar kuringa. Na san masu fassara na coci sun saba da «ruwan inabi», amma a labarin kasuwa gara a ce giya, kada a rikita ta da matsattsen inabi marar sa maye.

4/ Tsufan yana da ma'auni. A kwarin Barossa na jihar Kudancin Ostareliya, arewa maso gabas da birnin Adelaide, manoma sun kafa ƙa'ida a 2009: sai kuringa ta kai shekara 35 kafin a kira ta tsohuwa. Afirka ta Kudu ma 35 ɗin take bi. A Barossa akwai gonar wani nau'in baƙin inabi mai suna Shiraz da aka dasa tun 1843, lokacin da Jamusawa 'yan gudun hijira suka sauka a yankin, kuma har yau ana tsinkar ta. Abin da ya bar ta da rai shi ne ƙwaron filoksera, mai cin saiwa, wanda ya fara cinye gonakin Faransa a shekarun 1860, bai taɓa shiga Kudancin Ostareliya ba. Turawa sai da suka tumɓuke gonakinsu suka yi wa kuringoginsu aure da saiwar kuringar Amurka, wadda ke jure wa ƙwaron. Na Barossa da yawa suna tsaye a kan saiwarsu ta asali.

5/ In ka ga hoton irin wannan kuringa za ka gane me ya sa nake so kalmar ta tsaya a kan itacen. Gajera ce, kututturenta ya murɗe ya tsattsage, ɓawon na saɓulewa, wata ma ba a ɗaure ta a waya ba. Saiwarta ta nutse ƙasa sosai, shi ya sa da yawa ba a yi musu ban ruwa. Nonnan inabin da take bayarwa kaɗan ne, 'ya'yan ƙanana masu kaurin fata. Manomi yana asarar yawa, yana samun ƙarfin ɗanɗano. Wannan ne ake sayarwa da tsada.

6/ Ɗanɗanon, kamar yadda masana harkar ke siffanta Shiraz ɗin Barossa: baƙaƙen 'ya'yan itace da suka nuna luguf, ƙamshin masoro, da ɗan ɗacin baƙin cakulan. Sai abin da suke kira «tannin». A nan kada wanda ya wahalar da kansa da aro. Bauri ne, irin wanda goro ke bari a harshe ya busar da baki. Saboda baurin nan ake haɗa ta da gasasshen naman rago ko na sa mai kitse, da cuku mai tauri: maiƙo na kwantar da shi.

7/ Wani malami ya ce mini, «Ɗan'uwa, me zai hana dattijuwar kuringa?» Allah ya ƙara sani, Malam, ta yi daɗi a kunne. Sai dai dattako hali ne, nan kuwa shekaru ake ƙirgawa. Na fi so mu ajiye ta don matakin sama, tunda Barossa matakai huɗu gare su: 35, 70, 100 da 125.

Ga yadda na jera su. Mai 35, tsohuwar kuringa. Mai 70, dattijuwa. Mai 100, 'yar ɗari. Mai 125, wadda suke kira «ancestor», kakar kuringa.

8/ Mai 70 ɗin ce ba ta gama kwanta mini ba, don sunanta na Ingilishi yana nufin wadda ta tsira, kuma da dalili: a shekarun 1980 gwamnatin jihar ta biya manoma su tumɓuke kuringogi, tsofaffi da yawa suka tafi. Ko mu ce «tsirarriya»? 'Yan'uwa na Damagaram da Maraɗi da ke fassara daga Faransanci, me kuke cewa a can?