Patent da Hausa: haƙƙin mallaka ko hurumin ƙirƙira?

Jama'a, ina cikin fassara wani bayani kan alteplase, allurar nan da ke narkar da gudajin jini, sai kalmar patent, wato takardar da hukuma ke ba wanda ya ƙirƙiro abu don kada wani ya yi irinsa sai da izininsa, ta tsayar da ni cak. Kamfanin Genentech na Amurka ne ya samar da maganin. Hukumar FDA mai kula da abinci da magunguna a Amurka ta amince da shi a 1987 don masu bugun zuciya, a 1996 kuma don shanyewar ɓarin jiki irin wadda toshewar jijiyar ƙwaƙwalwa ke jawowa. Jumlar da ta gagare ni ita ce mai cewa patent ɗinsa ya daɗe da ƙarewa.

Na rubuta "haƙƙin mallaka", na goge. Marubuta da 'yan fim sun riga sun riƙe wannan, kuma nasu haƙƙin yana nan har bayan ran mai shi. Patent kuwa shekara 20 ne daga ranar shigar da takarda, haka yake a dokar Nijeriya ta 1970, haka a OAPI, ƙungiyar wasu ƙasashen Afirka mai rajistar patent da ke Yawunde, wadda Nijar ke ciki. Sharaɗinsa kuma sai ka bayyana wa duniya yadda ƙirƙirarka take.

Wani malamina ya ce in sa "lasisi". Allah gafarta Malam, lasisi izini ne aka ba ka ka yi abu. Patent kuwa ikon hana wasu yi ne. Wani kuma ya ce a bar ta "fatent". To, a Nijeriya duk wanda ya ji kalmar kusa da magani, mai kemis ɗin bakin layi zai faɗo masa a rai, tunda patent medicine store ake kiran shagonsa.

Ni dai na tsaya kan hurumin ƙirƙira. Hurumi fili ne keɓaɓɓe, kowa na ganinsa, babu mai sa masa garma sai da izini. Sai mu ce "wa'adin hurumin alteplase ya cika". Ya zauna a baki.

Amma kada mai karatu ya ɗauka cikar wa'adi na nufin arha. Wannan ba farasitamol ba ne da za a haɗa sinadarai a buga. Furotin ne mai amino acid 527, ƙwayoyin halitta masu rai ke fitar da shi a manyan tankuna. Shekaru sun shuɗe kasuwar Amurka ba ta ga na wani kamfani ba. A 2022 ma ƙarancinsa aka yi a Turai, don masana'antar kamfanin Boehringer Ingelheim da ke Biberach a Jamus, mai yi wa Turai maganin, ta kasa biyan buƙata.

Shi ya sa biosimilar ma, wato irin wannan magani idan wani kamfani daban ya yi nasa, ba zan kira shi kwafi ba, balle jabu. Makamanci nake so, tunda ba ya fitowa sak.

'Yan'uwa na Maraɗi da Damagaram, ku da kunnenku ya saba da brevet, sunan patent da Faransanci, hurumi ya yi muku?