Ɗakin karatun unguwarmu a Bronx: ta yaya yara za su samu littattafai a lokacin korona? (Tattaunawar ƙarshen shekarar 2020)

Maman 'Yan Uku:

Assalamu alaikum. Ina neman shawarar 'yan uwa mazauna birnin New York, musamman waɗanda suka riga mu daɗewa a nan. Tun ranar 19 ga Nuwamba 2020 aka sake rufe makarantun gwamnati, yarana uku sun koma ɗaukar darasi daga gida, kuma abin da ya fi damuna shi ne babbar, mai shekara 9, wadda a da ba ta rabuwa da littafi amma yanzu ba ta buɗe ko ɗaya. Kafin annobar nan kowace Asabar mukan je ɗakin karatun unguwarmu, su zaɓi abin da suke so. Tun da aka rufe shi a watan Maris ban sake komawa ba, domin akwai littattafai huɗu a hannunmu da wa'adinsu ya wuce, kuma ina tsoron tarar da ta taru a kanmu. Shin ana ba da aro yanzu? Kuma wa zai taimake ni zaɓen abin da ya dace da shekarunsu, tun da Turancina bai yi ƙarfi ba?

Ɗan Zongo:

Wa alaikumus salam, Hajiya. Ki kwantar da hankalinki game da tara, domin tun da ɗakin karatun jama'a na New York ya rufe rassansa ranar 14 ga Maris 2020 aka dakatar da cin tarar jinkiri, saboda haka ki mayar da littattafan nan huɗu ba tare da fargaba ba. Wannan hukumar ita ce ke kula da rassan Bronx da Manhattan da Staten Island, amma Brooklyn da Queens kowanne da tasa hukumar.

Tun ranar 13 ga Yuli 2020 aka fara wani tsari na ɗauka ka wuce, da rassa 8 aka soma, daga baya aka yi ta ƙarawa. Yadda ake yi shi ne ki nemi littafin ta shafinsu na intanet ko ta waya, ki zaɓi reshen da ya fi kusa da ke cikin waɗanda aka buɗe, idan ya iso a sanar da ke, sai ki sa takunkumi ki je ki ɗauka a kusa da ƙofa. Ba a zama a ciki, ba a kuma yawo tsakanin kantoci kamar da. Littafin da aka mayar kuwa akan keɓe shi na 'yan kwanaki kafin ya shiga hannun wani, don haka kada ki damu idan kika ga bai fita daga lissafinki nan take ba. Akwai kuma manhajarsu mai suna SimplyE, wadda ke ɗauke da littattafai sama da 300,000 na karantawa da na saurare, kuma lambar katinki na ɗakin karatu kawai take buƙata. Wanda ma bai taɓa yin kati ba yana iya nema ta cikinta, muddin a jihar New York yake zaune.

Malamar Firamare:

Yaya, abin da Malam ya faɗa daidai ne, amma ni ina so in tsaya a kan tambayarki ta biyu, domin a ganina ita ce ta fi muhimmanci. Yarinyar da ta wuni tana kallon allon kwamfuta saboda darasi, da wuya ta so a sake miƙa mata wani allon da sunan karatu, shi ya sa nake ba iyayen ɗalibaina shawarar su fifita littafin takarda a wannan lokaci, wanda yaro zai riƙe, ya kwanta da shi, ya nuna wa ƙaninsa hotunan ciki.

Batun zaɓe kuma, ba sai kin ɗora wa kanki ba. Suna da wani shiri da suke kira Shelf Help: za ki faɗa musu shekarun yaron da irin abin da yake sha'awa, ko dabbobi ne, ko labarin ban dariya, ko taurari, sai ma'aikacin ɗakin karatun ya zaɓo 'yan littattafai ya haɗa miki su ki zo ki ɗauka. Ki bar babbar ta faɗi abin da take so da bakinta, ko da labarin zane-zane ne, domin yaron da ya zaɓa da kansa shi ne ke kai wa ƙarshen littafi. A shekarar 2020 hukumar ta cika shekara 125 da kafuwa, tun 1895, kuma ta fitar da jerin littattafan yara 125 da ma'aikatanta suka fi so, wanda na sha amfani da shi idan na rasa ta inda zan fara.

Kada kuma ƙarancin Turanci ya sa ki janye jiki. Ki sa ta karanta miki da ƙarfi bayan sallar isha'i, sannan ta ba ki labarin da Hausa, ke kuma ki rama mata da tatsuniya. Na ga yadda wannan ya dawo da yara da dama kan littafi, kuma Hausar tasu ma ta ƙaru.

Direban Dare:

Ƙarin bayani kaɗan, Hajiya. Da katin nan yara suna samun malamin da zai taimaka musu da aikin gida kyauta ta intanet, ta wani shafi mai suna Brainfuse, daga yamma har dare. Ɗana yana amfani da shi a lissafi lokacin da nake bakin aiki. Akwai kuma azuzuwan koyon Turanci na manya da aka mayar intanet, idan kina da sha'awa.

Maman 'Yan Uku:

Allah ya saka muku da alheri baki ɗaya. Na tambayi babbar ɗazu, ta ce littafin dawakai take so, ƙaramin kuma ya ce na jirgin ƙasa. Gobe in Allah ya yarda zan mayar da huɗun nan, sannan in nemi a haɗa musu nasu.