Kalmar Hausa ga kiɗan jita da babu muryar mawaƙi a cikinsa

Jama'a, ina so mu tsayar da magana a kan abin da Turawa ke kira "instrumental", domin masu fassara labaran nishaɗi da masu rubutu a kan wasannin bidiyo kowa yana kiransa yadda ya ga dama, har ta kai mai karatu ba ya sanin abu ɗaya ake nufi ko abubuwa biyu. Zan ɗauki kiɗa guda ɗaya sananne mu auna kalmomin da aka kawo a kansa, wato "Cliffs of Dover" na Eric Johnson, makaɗin jita ɗan birnin Ostin na jihar Teksas a Amurka.

Kiɗan ya fito a 1990 a faifansa mai suna Ah Via Musicom, kuma a 1992 ya ci kyautar Grammy, wato babbar kyautar kiɗa da waƙa ta Amurka, a rukunin kiɗan rok da ba a rera komai a cikinsa, rukunin da aka daina bayar da kyautarsa bayan 2011. Sunan kiɗan na fararen duwatsun bakin teku ne da ke kudancin Ingila suna fuskantar Faransa. Tsawonsa minti huɗu ne da 'yan daƙiƙu. Yana buɗewa da jita ita kaɗai, babu ganga babu komai, makaɗin ya ja tsirkiya ɗaya har ta yi ƙara sama, sannan ya gangaro da sautuka a guje ba tare da wani ma'aunin bugu ya ɗaure shi ba. Sai bayan haka ganga da jitar bes suke shigowa, jitar kuma ta kama wani kari mai daɗi wanda take barinsa ta dawo masa, kamar yadda mawaƙi ke komawa ga amshi. Johnson ya fi shahara da jitar Fender Stratocaster, amma mafi yawan abin da ake ji a wannan kiɗa na faifai da jitar Gibson ES-335 ya kaɗa shi.

Wani ɗan'uwa ya ce a kira shi "waƙar jita". Na fahimci abin da ya hango, tun da jitar ce ta tsaya a gurbin mawaƙi, sai dai Bahaushe ya riga ya raba kiɗa da waƙa da busa, kuma duk wanda aka ce masa ga waƙa zai kasa kunne ya jira baiti. Idan minti huɗu suka wuce bai ji kalma ko ɗaya ba, zai ce an yaudare shi.

Wani malami kuma ya kawo "take". Malam, wannan ita ce shawarar da ta fi jan hankalina, kuma ita ce na fi daɗewa ina juyawa, domin take kiɗa ne da ake yi ba tare da an buɗe baki ba, kuma kalma ce tamu tsohuwa mai nauyi. Matsalar ita ce take yana da mai shi. Taken sarki na sarki ne, taken ɗan dambe na ɗan dambe ne, kuma a ƙarƙashin bugun akwai magana kwance wadda duk wanda ya san ta yake jin ta a cikin kalangu ko tambari ko da makaɗi bai furta ba. Kiɗan Johnson ba kirarin kowa ba ne, babu wasu kalmomi da jitar take kwaikwayo, kuma ba a kaɗa shi don wani ya miƙe tsaye. Idan muka ɗora masa "take", mun yi wa kalmar rauni, mun kuma sa mai karatu neman wanda ake yi wa. Ga kuma "taken ƙasa" da ya riga ya zauna a bakin mutane, wanda shi rerawa ake yi.

An kuma ambaci "gayan kiɗa", daga gayan tuwo. Wannan ina ƙin sa da gaske, domin gaya tuwo ne da ya rasa miya, alhali kiɗan da muke magana a kansa bai rasa komai ba, haka aka tsara shi tun farko.

Abin da nake goyon baya shi ne "kiɗa zalla". Gajere ne, ba ya bukatar bayani, kuma "zalla" ba ta nuna rashi, tana nuna cewa ba a gauraya abu da wani ba. Ana iya ƙara sunan abin kiɗan idan ana so, a ce kiɗan jita zalla ko kiɗan goge zalla, kuma mutumin Agadez da ya saba jin jita mai lantarki a wajen biki zai gane shi ba tare da an yi masa ƙarin haske ba. "Tsagwaron kiɗa" ma daidai ne a ma'ana, amma ya fi nauyi a baki, kuma ba ya shiga kanun labari da sauƙi.

Saura wata damuwa da ma'aikatan situdiyo za su tayar, kuma suna da gaskiya. A wurinsu kalmar Turancin tana nufin wani abu dabam, wato kiɗan da aka haɗa domin mawaƙi ya hau, ko waƙar da aka zare mata murya. Shi ma babu rerawa a cikinsa, amma jiran mai rerawa yake yi. Wannan ina ganin a kira shi "kiɗan rakiya". Abin da ya tabbatar mini cewa kalmomi biyu ake bukata shi ne yadda kiɗan Johnson ya kasance a wasan bidiyo.

A 2007 kamfanin Activision ya fitar da Guitar Hero III: Legends of Rock, wanda kamfanin Neversoft ya ƙera, aka sa wannan kiɗa a matakin ƙarshe tare da mafiya wuya. Ɗan wasa yana riƙe jitar roba mai maɓallai 5 a wuyanta, kore da ja da rawaya da shuɗi da ruwan lemo, da wani ɗan harshe a cikinta wanda ake bugawa sama ko ƙasa a madadin tsirkiya. Alamomi masu waɗannan launuka suna gangarowa a fuskar talabijin, shi kuma dole ya danna maɓallin da ya dace a daidai lokacin da alamar ta iso layi. A mataki mafi sauƙi maɓallai 3 kawai ake amfani da su, a na ƙwararru duka 5 ne, kuma gudun nan na buɗewa yana zubo alamomi da yawan da ɗan yatsa ɗaya ba zai iya bi ba. Domin wasan ya yiwu, an ware sautin jitar daban da na sauran kayan kiɗa. Idan ɗan wasa ya dace, jitar tana tafiya yadda take a faifai. Idan ya kuskure, sai ta ɗauke, a ji wata 'yar ƙara marar daɗi, ganga da bes su ci gaba su kaɗai, kuma idan kuskuren ya yi yawa 'yan kallon cikin wasan su yi masa ihu a tsayar da kiɗan. Abin da ya rage a kunne a lokacin da jitar ta ɗauke shi ne kiɗan rakiya. Abin da ake ji idan hannun ɗan wasa ya zauna shi ne kiɗa zalla. Mai rubutun da yake da kalma ɗaya tak ba zai iya bayyana wa mai karatu abin da ya faru a wannan daƙiƙa ba.

Game da bambanta na faifai da na wasa, "sigar faifai" da "sigar wasa" sun wadatar. Inda ake bukatar kulawa shi ne asalin sautin da aka saka a wasa, domin Guitar Hero na farko, na 2005, mafi yawan kaɗe-kaɗensa wasu makaɗan situdiyo ne suka sake kaɗa su, yayin da na uku ya samu izinin amfani da sautin masu abin a mafi yawansu. Kiɗan da aka sake kaɗawa ina ba da shawarar a ce masa "maimaici", na masu abin kuma "ɗaukar asali", kuma ina roƙon masu fassara su bincika wanne ne a kowane kiɗa kafin su rubuta, domin haƙƙin mallaka da kuɗin da ake biya ba ɗaya ba ne a tsakaninsu.